Yadda za ka gane ruɓaɓɓen dutse kafin ka saya, da yadda za ka ceci bangon da gishiri ke ci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da damina ta ɗauke tambaya kusan iri ɗaya ce ke ta zuwa min, daga masu sabon gini a Kasoa da Amasaman da Ashaiman, har da waɗanda ke zaune a gidajen gado a Nima da Mamobi da Sabon Zango: wai me ya sa filasta ke zubewa daga ƙasan bango duk shekara ko an sake ta, me ya sa tsakuwar da aka kawo take marmashewa in ka murza, kuma ta yaya mutum zai gane dutse mai kyau tun bai biya kuɗin tifa ba. Toh ga amsar a wuri ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne dutse ma yana lalacewa, kuma ta hanya biyu. Akwai farfashewa, wato ya tsage ya ɓare amma jikinsa bai canza ba, zafin wuta da rana da gishiri da saiwar itace ne ke yin wannan. Akwai kuma ruɓewa, inda ruwa ke shiga ya canza ainihin jikin dutsen ya mai da shi yumɓu da tsatsa. Mu nan Gana da zafi da ruwan sama suka haɗu mana ruɓewar ta fi yawa, a bakin teku kuma gishiri ya ƙara nasa. In ka duba kusan duka ruwa ne a ƙarƙashin matsalar, saboda haka aikin naka biyu ne: kar ka sayi dutsen da ruwa ya riga ya gama da shi, kar kuma ka bar ruwa ya zauna a jikin abin da ka gina.

Kayan da za ka tanada

Guduma mai ɗan nauyi, babbar ƙusa ta inci 4 ko tsohuwar wuƙa, bokiti biyu, kwalba wadda ake ganin cikinta kuma gefenta a miƙe yake, sikelin kicin mai nuna giram, ruwan khal na girki, gishiri, tef na awo, buroshin waya da tabarau na kare ido. Yawancinsu akwai su a gida, sikelin ne kawai wataƙila sai ka ara wurin maƙwabci mai shago.

1. Fara da filin tukuna

Kafin ka kira mai tifa sa lebura ya haƙa maka ramin gwaji aƙalla biyu, ɗaya a inda filin ya fi tudu ɗaya a inda ruwa ke gangarawa, zurfin kamar mita ɗaya da rabi. Sai ka leƙa ka karanta bangon ramin daga sama zuwa ƙasa. Za ka ga baƙar ƙasar sama mai saiwoyi, wannan ba a gini a kanta ko kaɗan. Ƙarƙashinta a wurare da yawa jar ƙasa ce ko marmara, jan nan kuwa tsatsar ƙarfen da ke cikin dutse ce da ruwa da iska suka fito da ita. In ka ƙara nitsawa sai ka iske abin da ke ruɗar mutane, abu mai kamar dutse sak, da zanensa da ɗigo-ɗigonsa fari da baƙi, amma diga na shiga cikinsa, in ka ɗebo ka matse a hannu sai ya watse ya bar maka yashi da fari-farin yumɓu a tafi. Wannan shi ne ruɓaɓɓen dutse. Giranit shi ne dutsen nan mai tauri mai ɗigo-ɗigo, farin sinadarin da ke cikinsa kuma, wanda ake kira felsfa, shi ne ya koma yumɓu, ƙwayoyin da ke kama da gilashi kuma ruwa bai iya musu komai ba shi ya sa suka rage a matsayin yashi.

Ruɓaɓɓen dutse in ya matsu sosai kuma iri ɗaya ne ko'ina yana iya ɗaukar gida wanda ba bene ba. Inda ake shiga uku shi ne rabin fandisho ya zauna a kan tsayayyen dutse rabi a kan mai laushi, ɗaya ya sauka ɗaya ya ƙi, bango ya tsage a tsakiya.

Gargaɗi: in lebura ya ce maka Alhaji mun kai dutse, kar ka yi saurin murna. A ƙasar giranit ana samun mulmulallun duwatsu manya da suka rage a tsakiyar ruɓaɓɓen, ƙarƙashinsu kuma laushi ne. A haƙa gefensa a gani ko yana da iyaka. Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu na Kumasi, don can ruwan shekara yakan kai wajen milimita 1,400 alhali na Akra wajen 800 ne, shi ya sa ruɓewar can take nitsawa ƙasa sosai.

Wani gargaɗin: ramin da ya wuce mita 1.2 gefensa na iya ruftawa kan mai haƙa, musamman bayan ruwa, a tokare shi da katako, a kuma rufe bakinsa da yamma saboda yara.

In kuma ƙasar baƙar laka ce mai danƙo da ke tsattsagewa da rani, irin wadda ake samu gabas da Akra wajen Dawhenya har zuwa Akuse, ko kuma bene za ka yi, toh ka daina dogaro da ido, nemi injiniya a gwada ƙasar. A Kumasi akwai cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI a Fumesua, a Akra ma akwai ɗakunan gwaji.

2. Je inda ake fasa dutsen da ƙafarka

Kar ka sayi dutse ta waya. Yawancin tsakuwar inji da ke shigowa Akra daga wajen Shai Hills take zuwa ko wajen Nsawam. Na Shai Hills dutse ne mai duhu mai zane-zane, na Nsawam giranit ne mai ɗigo-ɗigo, duka biyun suna da ƙarfi in daga cikin ramin aka ciro su. Na tsaunukan Weija kuma dutse ne mai haske mai tauri sosai amma yana yawan fashewa fale-fale, kuma a tsakaninsa akan samu wani mai laushi mai santsi da ke ɓarewa shafi-shafi. Tsakiyar Akra kanta a kan dutsen yashi da dutsen laka take zaune, shi ya sa wanda ya haƙo dutse a filinsa ya ce zai yi kankare da shi don ya rage kuɗi nake ce masa ya dakata ya gwada. A Kumasi kuwa Buoho aka fi sani da fasa dutse.

In ka je wurin ka ɗaga kai ka kalli bangon ramin. Saman za ka ga ja ne ko ruwan ƙasa, can ƙasa kuma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Na ƙasan kake so. Tambaya kai tsaye daga wane ɓangare ake loda maka.

Game da masu fasawa da hannu a gefen hanya, mata da maza masu neman halalinsu cikin rana, ban ce kar a saya a wurinsu ba. Sai dai ka sani yawanci duwatsun saman ƙasa suke samu, waɗanda suka fi daɗewa ruwa na dukansu, wasu kuma sai sun hura wuta a kan dutsen ya tsage kafin su sa guduma, wutar nan tana barin ƙananan tsagu a ciki da ido ba ya gani. Don ciko a ƙarƙashin daɓe ya yi. Don fila da dekin sai ya ci gwajin da ke tafe.

Gargaɗi: ƙurar dutse tana illa ga huhu, in za ka daɗe a wurin inji rufe hancinka.

3. Ido, guduma da ƙusa

Nan ne aikin yake, kar ka yi gaggawa. Ɗebi duwatsu kamar goma daga wurare daban-daban na tarin, har da ƙasansa da bayansa, ba waɗanda mai sayarwa ya miƙo maka ba. Sa tabarau, ɗora ɗaya a kan wani dutse ka buga. Dutse mai rai yana amsawa da ƙara siririya kamar ta ƙarfe, guduma ta yi tsalle ta dawo, in ya fashe kuma bakinsa da kaifi. Ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa dum-dum ce a toshe, guduma na ɗan nitsewa, ya bar gari a inda ka buga.

Yanzu kalli cikin wanda ka fasa. Sau da yawa za ka ga tsakiyarsa toka-toka mai ƙyalli, amma zagaye da shi akwai zobe ja ko rawaya, wani sa'in siriri kamar farce wani sa'in kaurin yatsa. Zoben nan iyakar inda ruwa ya kai ne. In siriri ne a kan babban dutsen fandisho ba komai. In kuma a tsakuwa ce ƙarama kuma jan ya ratsa har tsakiya, toh babu sauran dutse a ciki, ajiye ta. Duba fararen ɗigon kuma: a dutse mai kyau suna sheƙi in ka juya su a rana, a wanda ya fara ruɓewa sun dushe sun yi fari fat irin na alli.

Sai ƙusa. Karta fararen ɗigon da ƙarfi. A lafiyayyen giranit ƙusa ba ta iya komai, ƙarshenta ma ita ce za ta bar zanen ƙarfe a jikin dutsen. In ta tona rami ko gari ya zubo, felsfa ya zama yumɓu. Daga ƙarshe ɗebi tsakuwa cike da hannu biyu ka murza su da juna sosai, buɗe ka gani. 'Yar ƙura ba laifi, amma in gefuna na gutsurewa tafin hannunka ya yi ja da laka, ka ga amsa.

Kuskuren da aka fi yi a nan: wanke dutse da ruwa a ga ya yi kyau a ce shikenan. Jiƙaƙƙen dutse kowanne kyau yake yi. A bushe ake duba launi.

Ka kuma kula da siffa. Tsakuwa mai fale-fale ko dogaye sirara ba ta matsuwa da kyau a kankare, tana barin ramuka a ƙarƙashinta, tana kuma cin siminti. Mai kusurwa-kusurwa dunƙulalliya ake so, ta tirikwata wato milimita 20 ita aka fi amfani da ita a fila da linta da dekin.

4. Gwajin shan ruwa

Wannan kwana biyu yake ci amma shi ya fi faɗin gaskiya. Wanke tsakuwa ka shanya ta a rana a kan kwano ta bushe ƙayau, sai ka auna giram 1,000 daidai. Zuba a bokiti, ruwa ya rufe ta, bar ta awa 24. Kwashe, goge kowace da tsumma har sheƙin ruwan saman ya tafi amma kar ka shanya, sake aunawa. In ta koma 1,010 ko 1,020 wato ta sha kashi 1 zuwa 2 cikin 100, lafiya lau, giranit mai kyau ma yawanci bai kai kashi 1 ba. In ka ga 1,040 ko 1,050 toh cikinta duk ƙofofi ne, ruwa da gishiri za su riƙa shiga suna fita har su gama da ita.

Kar ka zubar da ruwan bokitin ba ka duba ba. In ya yi kauri da laka alhali ka wanke tsakuwar tun farko, ko ka ga wasu sun kumbura sun ɓare shafi-shafi, dutsen laka ne a ciki. Irin wannan jiƙewa da bushewa kaɗai sun isa su watsa shi, ko a ciko ban so shi ba.

5. Khal da ɗigon zinare

Karto ɗan gari daga dutsen da ƙusa ka ɗiga masa khal, kai kunne kusa. In yana kumfa yana tsss, dutsen farar ƙasa ne ko danginsa, irin wanda ake samu a Oterkpolu da Buipe ana kai wa masu siminti. Shi ba mugun dutse ba ne, sai dai asid na narkar da shi, ruwan sama kansa yana da ɗan tsami saboda iskar kabon da yake haɗiya, a hankali yake lasarsa. Abin da ya shafe ka: kar ka shimfiɗa shi ko tayil ɗin mabul a bayi ko wurin da za a riƙa wankewa da asid, wata shida sun isa ya yi ƙuraje.

Gargaɗi: kar wani ya ce ka yi gwajin da ruwan batir. Yana ƙona fata yana makantar da ido, khal ya wadatar.

In kuma ka ga ɗigo-ɗigo rawaya masu ƙyalli kamar zinare a cikin dutse mai duhu, musamman na yankin Ashanti, sinadarin ƙarfe da farar wuta ne. Da ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa ya kuma fitar da asid, shi ne ke jawo jan hawayen nan da ke gangarowa a jikin kankare. In suna da yawa canza tari.

6. Gwajin gishiri, ga masu dutsen ado da masu gini kusa da teku

In za ka manna dutsen ado a katanga, ko ginin naka yana Chorkor, Jamestown, La, Teshie, Nungua ko Tema, ƙara wannan. Narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, jiƙa guntaye uku ko huɗu su kwana, da safe shanya su a rana su bushe sarai, maimaita sau biyar zuwa goma. A ɗakin gwaji da wani gishirin daban mai ƙarfi suke yi sau biyar, namu na gida ya fi sauƙi saboda haka in dutse ya faɗi a namu toh ya faɗi ƙwarai. Abin da ke faruwa shi ne ruwan gishiri ya shiga ƙofofin dutse, ruwan ya tashi, gishirin ya daskare a ciki yana girma yana tura jikin dutsen har ya ɓare. Shimfiɗa takarda a ƙarƙashinsu don ka ga ɓarɓashin da ke zuba.

7. Yashi da ruwan kwaɓi

Dutse mai kyau da mugun yashi asara ce. Zuba yashi a kwalba ya kai santimita 10, cika da ruwa mai ɗan gishiri kaɗan ya wuce shi, girgiza sosai, ajiye awa 3. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa da launinta daban. Auna kaurin lakar. In ta wuce milimita 8 a kan santimita 10 ɗin nan ta yi yawa, a wanke yashin ko a canza.

Yashin bakin teku kuwa kar ya shigo filinka ko kyauta ne. Gishirin da ke cikinsa zai zauna a bangonka har abada yana jawo laima, ya kuma cinye rodi. Haka ruwan rijiya ko borehol mai ɗanɗanon gishiri, wanda yake da yawa a wasu unguwannin Akra, ɗanɗana kafin a kwaɓa. Ruwan da ba za ka iya sha ba saboda gishiri kar ka ba kankare. Bulo ma tambayi mai bugawa da wane yashi da wane ruwa yake aiki, ka kuma karta ɗaya da ƙusa.

8. Ranar da tifa ta zo, da maganar kuɗi

Ka kasance a wurin, ko wani naka mai ido. Hau ka duba kafin a juye, tona da shebur ƙasa da saman lodin, don wani lokaci sama kyakkyawa ce ƙasa garin dutse da jar ƙasa. In an juye ya zama naka.

Farashi da sidi yana motsi kusan kowane wata, saboda haka abin da zai tsare ka shi ne lissafi. Kar ka yarda da kalmar tifa ɗaya kawai, tifa girma-girma ce. Auna tsawon bodin da faɗinsa da tsayin lodin ka ninka su, shi ne mita kubik ɗin da kake saya, da shi za ka kwatanta masu sayarwa biyu. Tambaya kuma ko kuɗin ya haɗa da dako, don sau da yawa nisan hanya ne ke ɗaga farashin ba dutsen ba.

Ga lissafin da nake yi wa duk mai son araha. Kwaɓin 1:2:4 shi ne buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Mita kubik ɗaya na irin wannan kankaren yana cin wajen buhu 6 na siminti da tsakuwa kusan mita kubik ɗaya, ban da rodi da katako da kuɗin ma'aikata. Ka ga ɗan abin da za ka rage a tsakuwar bai taka kara ya karya ba in ka haɗa shi da buhu shidan da rodin da za ka ɗora a kanta, kuma in fila ta lalace ba a cire tsakuwa a canza, sai dai a rushe. Araha ba ta ado.

A juye kayan a kan daɓe ko leda mai kauri, ba a kan laka ba.

9. Lokacin gini: tare wa ruwa hanya

Bulo da filasta suna zuƙo ruwa daga ƙasa kamar lagwanin fitila, ruwan ya hau da gishirin ƙasa, ya bushe a fuskar bango ya bar gishirin. Don haka dole a yanke masa hanya da shimfiɗar hana laima, leda mai kauri ta gini ko mai kwalta, a kan bulon fandisho, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, a kuma shimfiɗa leda ƙarƙashin daɓe gaba ɗaya su haɗu, inda aka yi gami a ɗora ɗaya kan ɗaya sosai. Tsaya a kan magini ranar nan, don minti talatin ne aikin amma in an tsallake gyaransa wahala ce babba.

Gargaɗi: filastar waje kar ta sauko ta haɗe saman shimfiɗar da ƙasa, in ta haɗe ruwa zai bi ta cikinta ya tsallake ledar. Haka in aka zo daga baya aka yi ciko a tsakar gida har ƙasa ta haura layin.

Rodi kuma a ɗaga shi da biskit na siminti, wato 'yan guntayen siminti da ake sa masa a ƙarƙashi, kar ya kwanta a kan katako. Kankaren da zai rufe shi ya kai milimita 25 a dekin na ciki, 40 zuwa 50 a waje da kusa da teku, a fandisho kuma 50 ko fiye. Kar a cika ruwa a kwaɓi don a ji daɗin zubawa, ruwan da ya yi yawa in ya bushe ƙofofi yake bari. A soka a bubbuga ya zauna, sannan a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, da hunturu ma a rufe shi da buhu jiƙaƙƙe.

Sai ruwan rufi. A sa indararo ko bututu ya kai shi gota, a zuba daɓe zagaye da gida faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya mai gangara waje. Ruwan wanka da na wanki su bi bututu, kar su kwanta a gindin bango.

10. Gidan da gishiri ya riga ya kama

Shiga kowane lungu a Nima da hunturu ka duba bango daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu. Za ka ga layi mai lanƙwasa inda laima ta tsaya, fenti ya kumbura ya yi ƙurji, in ka danna da yatsa ya fashe farin gari ya zubo, bayansa filasta ta koma yashi, wani wurin har bulon ya rarake ya bar simintin gami a tsaye. Da hunturu abin ya fi fitowa don lokacin bango ke bushewa gishiri ke daskarewa. Wannan yana damuna ƙwarai, don gidajen iyayenmu ne, kuma kuɗin da ake zubawa a fenti duk sallah da an yi gyaran gaske da shi sau ɗaya da an huta. Ga jerin yadda ake yi, kar ka sauya shi.

Na farko nemo ruwan. Bututun da ke yoyo a cikin bango, gotar da ta tsage ko ta toshe, bayi da ke jingine da ɗaki, ƙasar waje da ta fi daɓen ciki tudu, ko lungun da mutane suka mayar wurin fitsari, don fitsari ma gishiri yake bari mai cin bango sosai. In ba ka tsayar da wannan ba duk sauran aikin banza ne.

Na biyu sassaƙe filastar duka har santimita 30 sama da inda laimar ta tsaya. Kwashe ɓarɓashin ka fitar da shi daga gidan, gishiri ne a ciki, kar a yi ciko da shi.

Na uku goge bulon da buroshi a bushe. Kar ka wanke da ruwa, narkar da gishirin za ka yi ya koma ciki. Bar bangon tsirara ya sha iska makonni, duk lokacin da fari ya fito a sake gogewa. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa da wannan aikin, kafin ruwan Afrilu.

Na huɗu in babu shimfiɗar hana laima tun asali, magini mai hankali yana iya yanka layin gami ya saka, amma kaɗan-kaɗan, kamar mita ɗaya a tsallake mita ɗaya, sai wanda aka cike ya yi ƙarfi a dawo kan sauran. Gargaɗi: kar a taɓa yanke bango a tsawonsa gaba ɗaya, kuma ba a yanka fila. Bulon da ya rarake a canza shi a lokacin.

Na biyar sabuwar filasta da yashi mai tsabta, siminti 1 yashi 4 ko 5, a bar ta ta bushe sosai, sannan fentin ruwa mai barin bango ya yi numfashi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne manna tayil ko shafa fentin mai don a ɓoye wurin. Laimar ba ta tafi ba, hawa za ta yi ta fito a saman tayil ɗin ko ta ɓullo cikin ɗaki bayan katifa.

Abu biyu ƙanana da ake rainawa. Ɗan tsiron cediya ko durumi da ya fito a tsagar katanga ko bakin rufi a cire shi da saiwarsa tun yana ƙarami a toshe ramin, in ya yi kauri saiwar ce za ta buɗe bangon. Sannan murhu, Hajiya mai waake ko mai koko da ke hura wuta kullum a jikin katanga, fuskar bangon na zafi tana buɗewa cikinsa na nan da sanyi, in an gama kuma a watsa ruwa, a haka filasta da dutse ke ɓarewa ɓawo-ɓawo. A ja murhun baya ko da taku biyu ne, ko a jera bulo daban a tsakani.

In kuma ka ga tsaga a fila ko ƙarƙashin dekin tana bin layin rodi, ga jan tsatsa, kankare na faɗowa, wannan ya wuce maganar filasta. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, tana iya kai ninki shida, ita ce ke tura kankaren waje. A fara tokare dekin da katako ko ƙarfe, a fitar da mutane daga ƙarƙashinsa, a sassaƙe duk abin da ya saki har bayan rodin, a goge shi da buroshin waya sai ƙarfe ya fito, a shafa maganin tsatsa sannan a cike da simintin gyara mai ƙarfi. Amma in rodin ya sirance a ido ko ya tsinke, ko dekin ya fara lotsawa a tsakiya, kar birkila ya taɓa shi sai injiniya ya zo ya gani.